Matashin dunduniya: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya

Matashin dunduniya wani ɗan abu ne mai taushi da ake sawa cikin takalmi, daidai inda dunduniya take zama. In kun je farmasi ku ce talonet, shi ne sunan da masu sayarwa suka sani. Ana yin shi da roba mai laushi da ake kira silikon, ko soso, ko fata. Wani shimfiɗe yake, wani kuma kamar ɗan ƙoƙo, ya rungume dunduniya ta gefe da ta baya.

Ciwon da ya fi sa a neme shi daga wata jijiya mai kauri yake zuwa, wadda ta tashi daga ƙashin dunduniya ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu. In ta sha wuya sai ta riƙa zafi a inda ta manne da ƙashi. Alamarsa ba ta ɓuya: takun farko da asuba kamar an taka ƙaya, in an ɗan yi tafiya ya lafa, bayan dogon zama kuma ya dawo. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da masu wuni tsaye, irin 'yan kasuwa, malaman makaranta, mata masu daka da ɗibar ruwa, da 'yan'uwanmu na ci-rani masu gadi bisa siminti.

To me matashin yake yi? Ƙarƙashin dunduniya akwai kitse da ke tare nauyin jiki, kuma yana raguwa in shekaru sun ja. Matashin yana taimakon kitsen nan, mai ƙoƙon ma yana tattara shi wuri guda. Yana kuma ɗan ɗaga dunduniya, sai agara ta samu sassauci.

Amma fa sauƙi yake kawowa, shi kaɗai ba ya warkarwa. Sai an haɗa da rage tsayuwa, da miƙe ƙwauri da tafin ƙafa kullum, ko murza kwalbar ruwan sanyi da ƙafa kamar minti 10. Yawancin mutane suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba.

Wurin amfani da shi ne aka fi kuskure. Takalmi rufaffe yake so. Cikin silifa zamewa zai yi, kuɗi sun tafi banza. A sa shi ƙafa biyu ko da guda ce ke ciwo, don kada tafiya ta karkace baya ya ɗauka. Ku da ke waje kuna aiko wa tsofaffi, ku tambayi lambar takalminsu tukuna, in da hali ku haɗo da takalmin, don da yawa a ƙauye ba su da rufaffe. Lokacin zafi a riƙa wanke na silikon da sabulu, a shanya a inuwa, in ya lotsa a canza.

Masu ciwon suga kuma, a nan sai hattara. Ƙafarsu tana iya mutuwar ji, abu ya goge fata ya zama gyambo ba su sani ba. Kada su sa komi cikin takalmi sai likita ya gani, kuma su duba ƙafa kowace yamma. Haka wanda dunduniyarsa ta kumbura, ta yi ja da zafi, ko ya kasa takawa bayan faɗuwa, wannan ba na farmasi ba ne, ya nufi CSI mafi kusa.