Rediyon Kaduna da Hausar "matsakaicin zango"

Ɗalibi, in an ce maka AM, me za ka ce da Hausa? Tsofaffin ma'aikatan rediyo sun riga sun hutar da kai: ita ce ke tafiya a kan matsakaicin zango da gajeren zango. Bari mu bi tarihin gidan da ya sa kunnen Arewa ya saba da waɗannan kalmomi.

Kafin a samu tashar da kowa zai kama daga nesa, waya ake ja zuwa gida ko dandali, a rataye akwati, ka ji abin da aka ba ka, babu murɗawa. Kano ta samu irin wannan a 1944. A 1962 ne gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta buɗe nata gidan a Kaduna da sunan BCNN, tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Dalilin a fili yake: Yamma da Gabas kowacce na da tashar da ke faɗin ra'ayinta, Arewa kuwa a bakin wasu take jin labarin kanta.

Nauyin gidan ya fito ranar 15 ga Janairu 1966, lokacin da Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki ta wannan tasha, ranar da aka kashe wanda ya kafa ta. Da aka yanka Arewa jihohi shida a 1967 gidan ya zama na haɗin gwiwarsu, sannan a 1978 ya koma hannun gwamnatin tarayya, inda ya samo sunan Rediyon Tarayya na Kaduna.

To, ga inda nake so ka natsu. Asalin zango wurin da fatake ke yada kaya ne, ko tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Shi ya sa wasu ke zaton gajeren zango ba ya zuwa nesa. A'a, shi ma ya fi nisa! Zangon nan tsawon igiyar sautin ne, ba nisan tafiyarta ba. Kilohaz 594 da aka san sashen Hausa da shi, igiyarsa ta kai kusan mita 505, na gajeren zango kuma mita 49. Ka ga asalin "mita" da mai gabatarwa ke ambata ke nan. Da dare kuma sararin sama na maido da igiyar ƙasa, shi ya sa muryar da ta tashi daga Jaji ke isa rugar Fulani da ƙauyukan Nijar ras, abin da FM ba ta iyawa.

A ganina, babu ajin da ya koyar da daidaitacciyar Hausa kamar wannan gida. Manomin da bai taɓa riƙe alli ba ya san Majalisar Ɗinkin Duniya da kasafin kuɗi daga labarai. Zaɓi Sonka ya sa mutane rubuta wasiƙa, Samanja na Usman Baba Pategi ya mai da gurɓatacciyar Hausar bariki abin dariya, don mai sauraro ya san yadda daidai take.

Yau FM ta cika gari, wani mai gabatarwa sai ya zuba Turanci uku a jimla ɗaya. A tsofaffin faya-fayan Kaduna kuwa akwai muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, ga hirarraki da dattawan da Hausarsu ba ta cikin kowane ƙamus. Faifan zare ba ya jure zafi da danshi. Ɗaliban sashen Hausa masu neman batun kundin digiri, ga aiki nan a Kaduna yana jiran mai kwafewa zuwa kwamfuta.