Gidan Madaki da Garin da Yaƙi Ya Haifa

Wanda ya tashi daga Bauchi ya miƙi hanyar Ningi, zai ratsa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa. Yawancinmu wucewa muke yi, alhali a cikin garin akwai ɗaya daga cikin gine-ginen farko da aka sa a jerin kayan tarihin ƙasa a Nijeriya, tun 1956.

Sunan garin kansa tarihi ne. Kafi shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi saboda mahara. Bayan rasuwar Sarki Yakubu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaji sarautar Bauchi, ya kuma tarar da fitina tana tasowa daga arewa. Malam Hamza da jama'arsa sun baro ƙasar Kano sun fake a duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin, suka shiga kai hare-hare. Dawakin Bauchi ba su da ta cewa a cikin duwatsu, don haka aka koma ga dabarar ribaɗi, wato kafa garuruwan tsaro a bakin iyaka. Madaki kuwa aka ba shi tsaron hanyar Ningi.

A nan ne aka gina gidan, wajen 1860. Ana danganta aikin ga Babban Gwani, laƙabin shugaban maginan Zazzau, wanda sunansa ya fita saboda masallacin Juma'ar Zariya. Abin lura shi ne, wanda ke zaman jiran hari bai saba kashe dukiya a kan gini ba. Kiran gwani daga wata masarauta ya tayar da soraye a bakin daga, sanarwa ce ga Ningi da talakawa cewa Bauchi ta zo zama.

Ƙwarewar tana cikin rufi. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan tazara ta yi yawa sai ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Sai magina suka riƙa jera ta daki-daki daga bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da laka, har bakan gizo ya haɗu a sama. Da tubali da azara kawai aka samu ɗaki mai faɗi da tsayi, mai sanyi a bazara.

Sai dai ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Da, kafin damina akan gyara indararo, a toshe tsaga, a shafe bango da makuba. Sarauta ce ke tara hannayen da ke wannan aiki, iyalan magina kuma ke riƙe da sanin. Yau siminti da kwano sun janye matasa daga sana'ar, takardar 1956 kuwa ba ta tare ruwan Agusta.

Muna iya ɗaukar hoto da waya, mu auna kowane soro mu adana a kwamfuta, kuma ya kamata mu yi. Amma hoto ba ya koya wa yaro yadda ake kwaɓa ƙasa ko ɗaure azara. Idan muna son gidan ya kai ga jikokinmu, sai an biya tsofaffin maginan da suka rage su koyar, a kuma ware kuɗin yaɓe kowace shekara tun kafin hadari ya haɗu.