Yadda Ake Farfaɗo da Makin Bashi Kafin Neman Rancen Gida ko Mota

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, in ji Bahaushe. Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne bashin banki ya daina zama sirri tsakanin mai ci da mai bayarwa. Duk rancen da mutum ya karɓa daga banki ko wata cibiyar kuɗi mai lasisi yana shiga kundi, kuma kundin nan shi ne abu na farko da ake buɗewa ranar da ya je neman rancen gida ko na mota. Ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun sha jin an ce takardunsu ba su wuce ba, alhali albashi ko cinikinsu ya isa, saboda wani tsohon bashi da suka manta da shi. Irin wannan tabo yana gyaruwa, amma gyaran yana da tsari, kuma yana cin lokaci.

Mene ne makin bashi?

Makin bashi adadi ne da ake fitarwa daga tarihin yadda mutum ya ci bashi da yadda ya biya, domin mai ba da rance ya kimanta yiwuwar kuɗinsa su dawo. Tsarin ya bunƙasa ne a Amurka, inda kamfanin FICO ya fito da makinsa na gama-gari a 1989, wanda ke tashi daga 300 zuwa 850. A lissafin kamfanin, biya a kan lokaci ne ke ɗaukar kashi 35 cikin ɗari na makin, yawan bashin da ke kan mutum kashi 30, daɗewar tarihinsa kashi 15, sai sabon bashi da kuma nau'o'in bashin da ya taɓa ci, kowanne kashi 10.

A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Bankin Ƙasa, wato CBN, ya bai wa lasisin adana tarihin bashi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau, da CreditRegistry. Kowannensu yana da nasa lissafin, shi ya sa makin mutum ɗaya kan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Makin CRC, wanda aka gina da haɗin gwiwar FICO, shi ma daga 300 yake zuwa 850. Ban da waɗannan, CBN na da nasa rumbun mai suna CRMS, inda bankuna ke shigar da bayanan rancen da suka bayar.

Dokar da ke tsara aikin ita ce ta bayar da rahoton bashi ta 2017, wadda Yemi Osinbajo ya sanya wa hannu yana Muƙaddashin Shugaban Ƙasa. Ƙa'idar CBN kuma ta wajabta wa bankuna su nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin kafin su ba da rance. Zaren da ke ɗinke duk bayanan nan shi ne lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a 2014. Tun daga lokacin, sauya banki ko lambar waya ba ya raba mutum da tarihinsa.

Abubuwan da ke ɓata sunan mutum

Na farko shi ne jinkirin biya. A ƙa'idojin CBN, rancen da ya kwana 90 ba a biya abin da ya wajaba ba ana lissafa shi cikin wanda ya daina tafiya daidai. Idan ya haura kwana 180 sai ya koma wanda ake shakkar dawowarsa, bayan kwana 360 kuma a ɗauke shi a matsayin asara. Kowane mataki tabo ne da ya fi na baya nauyi. Ko da banki ya cire bashin daga littafinsa a matsayin asara, wannan lissafin cikin gida ne, nauyin biya yana nan a wuyan wanda ya ci.

Na biyu shi ne ƙananan basussukan da ake rainawa: rancen manhajar waya na naira dubu goma ko ashirin, da rancen kafin albashi, da 'yar ragowar da ta maƙale a asusun da aka daina amfani da shi tana ta tara kuɗin ruwa. Haka nan rancen gwamnati da wasu suka ɗauka tamkar kyauta, kamar na shirin noma na Anchor Borrowers da aka fara a 2015, da tallafin rance na lokacin korona da aka raba ta bankin NIRSAL a 2020. Waɗannan rance ne, kuma suna ɗaure da BVN ɗin wanda ya karɓa.

Na uku shi ne tsaya wa wani. Wanda ya sa hannu ya tsaya wa ɗan'uwa ko abokin aiki ya ɗauki alƙawarin biya idan wancan ya gaza, kuma gazawar tana iya fitowa a rahotonsa. Sai kuma cakin da ya dawo saboda babu kuɗi a asusu, wanda ban da ɓata suna laifi ne a dokar ƙasa tun 1977.

Tun ranar 1 ga Agusta, 2020, akwai kuma tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire abin da yake bin mutum daga asusunsa na wasu bankuna, bisa izinin da ya sa wa hannu lokacin karɓar rancen. Kwashe kuɗi zuwa wani banki ba ya tserar da mai bashi.

Matakan gyara

Matakin farko shi ne mutum ya ga abin da aka rubuta a kansa. Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana nema ta shafukan intanet na kamfanonin da lambar BVN. Ya fi kyau a nemi na ukun duka, domin wani mai ba da rance yana aika bayani ga kamfani ɗaya ko biyu ne kawai. A duba suna da ranar haihuwa, da jerin rancen da ke buɗe, da ragowar kowanne, da matsayin da aka ba shi.

Mataki na biyu shi ne gyara kuskure. Yakan faru a ga rancen da aka gama biya har yanzu yana buɗe, ko wanda mutum bai taɓa karɓa ba. Ma'aikatan gwamnati suna da wata matsala ta musamman: a cire kuɗin rance daga albashi, amma a yi jinkirin miƙa shi ga banki, sai laifin ya hau kan ma'aikaci. A irin wannan hali takardar albashi ta wata-wata ita ce hujja. Ana rubuta ƙorafi ga bankin da ya aika bayanin da kuma kamfanin da ya adana shi, a haɗa da rasit da bayanin asusu, a kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kamfanin ba ya sauya bayani da kansa sai bankin ya tabbatar. Idan abin ya ƙi warwaruwa, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN yana karɓar ƙara.

Mataki na uku shi ne biyan abin da yake na gaskiya. A fara da bashin da ya wuce wa'adi, domin shi ne ke ci gaba da yi wa maki illa kowane wata. Wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba ya je banki da ƙafarsa ya nemi a sake tsara masa biyan, ko a sassauta masa tarar jinkiri. Bankuna kan saurari wanda ya kawo kansa fiye da wanda aka yi ta nema. Duk abin da aka daidaita a kai a sa shi a rubuce kafin a biya ko sisi, kuma a biya ta asusun bankin, kada a danƙa wa wani jami'i kuɗi a hannu.

Mataki na huɗu, wanda mutane suka fi sakaci da shi, shi ne karɓar takardar shaidar cewa banki ba ya bin mutum komai. Da wannan takarda ake neman a sabunta bayani a kamfanonin uku da rumbun CBN. Bayan wata ɗaya ko biyu a sake ciro rahoto a tabbatar an rufe bashin.

Mataki na biyar shi ne gina sabon tarihi. Biyan tsohon bashi yana sauya matsayinsa zuwa wanda aka kammala, amma labarin jinkirin ba ya gogewa nan take, domin doka ta tanadi a riƙe bayanin na tsawon shekaru. Abin da ke rage masa nauyi shi ne jerin watannin da aka biya a kan lokaci bayansa. Ƙaramin rance ɗaya da mutum ya tabbata zai iya biya, tare da umarnin cirewa kai tsaye ranar da albashi ya shigo, ya wadatar. A guji neman rance a wurare da yawa cikin ɗan lokaci, domin kowane bincike yana barin sawu, yawansu kuma alama ce ta wanda ya matsu.

Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da riba, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021, suna sayen mota ko kaya su sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko ta hanyar murabaha, ko su ba shi haya mai ƙarewa da mallaka ta hanyar ijara. Su ma suna duba rahoto kuma suna aika bayani, don haka biyansu a kan lokaci yana gina suna kamar na kowane banki.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci

Matsalar ɗan kasuwa sau da yawa ita ce rashin tarihi kwata-kwata. Mutum yana iya shekara ashirin a Kantin Kwari ko kasuwar Wuse yana karɓar kaya bashi yana biya, yana zubin adashi bai taɓa saɓawa ba, amma babu ko ɗaya da ya shiga kundin da banki ke dubawa. Maganin wannan shi ne ciniki ya riƙa bi ta asusun banki, a raba asusun shago da na gida, a yi wa kasuwancin rajista da hukumar CAC. Masu ba da rance kan nemi bayanin asusu na wata shida zuwa shekara ɗaya, kuma abin da bai bi ta asusu ba ba ya shiga lissafinsu.

Ma'aikaci kuwa, iyakarsa ita ce abin da ya rage a albashi. A rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992 kuma bankin FMBN ke gudanarwa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, wanda ya yi zubin wata shida yana iya neman rance ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi. Kuɗin ruwan kashi 6 ne a shekara, wa'adi har shekara 30 gwargwadon shekarun mai nema, kuma biyan wata ba ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da yake samu. A ɗauki misalin mai albashin naira 300,000: abin da za a iya cire masa 100,000 ne, wanda a wannan ƙa'ida zai ɗauki rancen da ya haura naira miliyan 16. Idan kuwa ana riga ana cire masa 40,000 na wani rance, aka kuma haɗa shi cikin lissafin, saura 60,000, rancen gidan ya sauko zuwa kimanin miliyan 10. Rufe ƙaramin bashi kafin a nema yana iya zama bambanci tsakanin gidan da ake so da wanda aka samu.

Game da kuɗin kafin alƙalami, tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta amince ma'aikacin da ya yi zubin wata 60 ya yi amfani da har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa wajen biyan kasonsa na sayen gida. A ɓangaren mota da kayan amfani kuma, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CREDICORP a 2024, wadda ke aiki ta hannun bankuna da cibiyoyin kuɗi. Waɗannan ƙofofi duka suna buɗewa ne bayan an duba rahoton bashi.

Hattara da masu alƙawarin goge suna

Akwai masu tallata cewa za su cire sunan mutum daga kundi idan ya biya su. Bayanin da yake daidai babu mai ikon goge shi, wanda yake kuskure kuma mai shi yana iya neman gyaransa da kansa. Ba wa irin waɗannan mutane BVN ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya hanya ce ta wayar gari da sabon bashin da wani ya ci da sunan mutum.

Mai niyyar neman rancen gida ko mota ya kamata ya ciro rahotonsa aƙalla shekara ɗaya kafin ya shigar da takarda. Watannin farko su tafi wajen gyara kuskure da biyan abin da ya wuce wa'adi, sauran kuma wajen tara shaidar biya a kan lokaci da kuɗin kafin alƙalami. Ranar da zai je banki ya riƙe rahotonsa na baya-bayan nan da takardun shaidar kammala biya, domin idan jami'i ya ga tsohon tabo, amsar tana hannunsa a rubuce.