Gahawa da Kofi: Uwa Ɗaya, Hanya Biyu

Duk teburin mai shayin da muka tsaya a Gyadi-Gyadi ko bakin kasuwar Tarauni, in muka ce a sa mana kofi, Nescafé za a ɗauko. In kuwa gahawa muka ce, sai a ɗauka ko daga Saudiyya muka dawo. Alhali kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya, wato "ƙahwa" ta Larabci.

Tun ƙarni na 15 Sufayen Yaman ke shan ta don raya dare da zikiri. Daga can ta shiga Makka da Alƙahira, Turkawa suka ce "kahve", fataken Italiya suka ce "caffè", Faransawa da Sifaniyawa suka ce "café". Abin mamaki, Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492, sun bar wa Sifaniyanci kalmomi irin su "azúcar", sukari ke nan, amma ban da wannan, domin Garnaɗa ta faɗi kafin abin shan ya bazu. Sai daga bakin Turawa maƙwabtansu suka same ta.

Da kalmar ta zauna sai suka liƙa mata ɗafa-ƙeyar ƙanƙantarwa, suna cewa "cafecito", a kudancin ƙasar kuma "cafelito". Kada mai karatu ya zaci ƙaramin moɗa ake nufi. Sau da yawa sakin fuska ne, tamkar dai mu in mun ce wa baƙo, "Malam, zauna ka sha ɗan shayi." Mai fassarar da ya ɗauki wannan "ɗan" a matsayin awo ya ɓata zancen.

Tamu gahawar ba ta bi ta teku ba. Mu lura da harafin farko. Kalmomin da muka aro ta hanyar karatu, kamar alƙali da alƙalami, sun riƙe "ƙ" ɗinsu. Ita kuwa da "g" ta zo, irin lafazin Larabawan Sahara da Sudan, alamar cewa a bakin fatake muka ji ta, ba a allo ba. Finjalin da ake shan ta ma Balarabe ne.

Kofi kuwa sai da ya ratsa Holanci da Ingilishi kafin Bature ya kawo mana shi, ya kuma tarar da takwaransa, kofin zuba ruwa. Shi ya sa marubucinmu kan rubuta "kofin kofi" a labarinsa, ga finjalin gahawa a ajiye.