Malam Takalmi da Nazarin Ginin Jimlar Hausa

Ɗalibin da ya daɗe yana bibiyar littattafan nahawun Hausa ba zai rasa cin karo da sunan Russell G. Schuh ba. Ba'amurke ne, an haife shi a 1941. Da yake ma'anar sunansa a Jamusanci ita ce takalmi, sai Hausawa suka laƙaba masa Malam Takalmi, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya fara taka ƙasar Nijar a 1965, inda ya shafe shekara biyu yana aikin yaƙi da jahilci a yankin Agadas. Amma aikin da ya kafa shi a fagen ilimin harshe a Potiskum aka yi shi, a kan Ngizim, kuma da shi ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis a 1972. Ngizim 'yar'uwar Hausa ce a iyalin harsunan Cadi, waɗanda suka samo sunansu daga Tafkin Cadi, suka bazu daga arewacin Nijeriya da Kamaru har zuwa duwatsun Gera a tsakiyar ƙasar Cadi. Ra'ayin da ya ratsa ayyukansa shi ne, ba a gane Hausa sosai sai an dube ta tare da danginta.

Ga misali daga ginin jimla. Idan Bahaushe zai yi tambaya a kan aikau, a farkon jimla yake ajiye kalmar tambaya, sannan ya sauya lamirin lokaci: "sun sayar da kaya" ta koma "su wa suka sayar da kaya?" Haka ma wajen ƙarfafawa: "yara ne suka sayar." Schuh ya nuna cewa a Ngizim da Bade aikau ɗin da ake tambaya ko ƙarfafawa baya yake komawa, bayan aikatau da karɓau, tamkar a ce "sayar da kaya wa?" Wannan ya tunatar da manazarta cewa tsarin da Bahaushe yake ɗauka dole ne, hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin da iyalin ya bi. A 1974, lokacin yana Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano, shi da Paul Newman suka fitar da maƙala a kan tarihin lokutan Hausa, wadda har yau ake komawa gare ta idan ana bayanin bambancin "sun" da "suka".

Ta fuskar koyarwa ma hannunsa ya fito. A 1976 shi da J. Ronayne Cowan suka wallafa Spoken Hausa. Wanda ya fi shi armashi shi ne Hausar Baka, jerin faifan bidiyo da aka ɗauka a Kano da kewayenta tare da Abdullahi Bature da Richard Randell. A nan mai koyo yana jin Hausa daga bakin masu ita, da gaisuwarsu da cinikinsu, kafin a kawo masa ƙa'ida. Ba banza ba aka yi wa aikin take da karin maganar nan, gani ya kori ji.

A 1998 ya fitar da nahawun Miya, harshen da ake yi a Jihar Bauchi. Daga baya ya koma Yobe tare da ɗalibinsa Alhaji Maina Gimba, suka jagoranci haɗa ƙamusoshin Bade da Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim. Abin lura shi ne, masu harsunan ne suka tattara kalmomin, sunayensu ne a bangon littattafan, kuma a Potiskum aka buga su, ba a Amurka ba.

Ya rasu a watan Nuwamba na 2016. Babban littafin da ya bari a kan kwatancin harsunan Cadi, Newman ne ya tace shi, aka fitar da shi a 2017.