Kuɗin Sallah, a Ina Yake Kwana?

Ya ɗan'uwa mai karatu, kafin mu shiga tarihi bari in fara da abin kunyar da ya same ni, domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A shekarar 1988 na fara karɓar albashi a Kano. Tun azumi yana da kwana goma na faɗa Kantin Kwari na yi sayayya irin ta sabon ma'aikaci: shadda ta mahaifina, atamfofi na iyayena mata, yadi na ƙanne. Na kai wa wani tela a Fagge ya ɗinke su tsaf. Kai, har tattasai da albasa sai da na biya Yankaba na saya, kamar ba a noma su a fadamarmu. Ranar jajibere na hau mota ta Wudil, na sauka Birnin Kudu da buhuna biyu, ina tafe ina jin kaina.

Baffana tela ne, kekensa yana bakin kasuwa, kuma tun kafin a haife ni shi ke ɗinka wa gidanmu kayan Sallah. Ya ɗauki rigar mahaifina ya juya ta, ya duba wuya, ya duba aljihu, ya ce, "Ɗinki ya yi, ɗana, Allah ya yi albarka. Sai dai bana rijiyar unguwa za ta jira Babbar Sallah." Ban gane ba, na yi dariya. Sai bayan Sallah da mai unguwa ya kira karo-karon gyaran bakin rijiyar da ya rufta na fahimta. Ashe duk abin da ya taso na unguwa, Baffa ne ke fara ajiye kuɗin siminti daga cinikin Sallah, sauran su bi baya. A waccan shekarar mu wajen biyar ne muka dawo da ɗinkakkun kaya daga birni, duk 'ya'yan gidajen da yake yi wa ɗinki. Bai yi ƙorafi ba. Rijiya dai ta jira wata biyu da kwana goma, mata da yara suna zuwa wata unguwa ɗiban ruwa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin da can da me gari yake tafiya? Wa ke biyan share kasuwa, wa ke gyara mahauta, wa ke haƙa rijiya?

Birnin Kudu tsohon gari ne. Wanda ya je Dutsen Habude zai ga zanen shanu a jikin dutse, wanda mutanen da suka riga kakannin kakanninmu suka bari, alamar cewa dabba da kiwo ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Kafin zuwan Turawa, Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Sarkin Kano. Manomi yana biyan kuɗin ƙasa da zakka, Bafillace yana biyan jangali, marini yana biyan kuɗin karofi. Ita kuma kasuwa tana da nata shugabanni: Sarkin Kasuwa mai raba rumfa da raba gardama, Sarkin Fawa mai kula da yanka, Sarkin Dillalai, da masu lura da awo don kada mudu ya zama biyu, na saye daban na sayarwa daban. Abin da suke ɗan tsakura a hannun masu kaya, da shi ake saukar baƙo a ciyar da shi, da shi ake kai gaisuwa fada. Ban ce zamanin adalci ne zalla ba. An ci zalin talaka, an ƙwace. Amma kowa ya san cewa idan kasuwa ta mutu, gari ya mutu, har da mai sarautar.

Turawa sun ci Kano a 1903. Ba a jima ba, tsakanin 1909 da 1911, aka kakkafa Baitulmali a masarautun Arewa. Daga nan haraji da jangali suka zama a rubuce, da malamin haraji da rasit. A tattara daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, a kai Kano, gwamnati ta ɗauki kasonta, En'e ta riƙe nata. Da wannan kaso ake biyan alƙali da ɗan doka da duba-gari, da malamin elementare, da malamin asibitin sha-ka-tafi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi kuɗi, sai ya zama manomi da gyaɗarsa yake biyan haraji, da ragowar ya yi wa iyali tufafi. Tsofaffinmu suna da ƙorafi ɗaya da ba su mance ba har suka koma ga Allah: wajajen 1930 En'e ta jawo wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki, alhali na ƙauye da ya biya haraji yana nan da guga da igiya. Gaskiyarsu ce. To amma ko a hakan, mutum yana iya nuna dispensari ya ce da gumina a ciki.

Sai abubuwa biyu suka zo kusa da juna suka sauya lissafi. Na farko, gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen En'e, ya kuma sa ƙaramar hukuma ta riƙa samun kaso daga asusun tarayya, wato kuɗin man fetur. Na biyu, a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, lokacin muna cikinta, don sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. Na tuna murnar da aka yi. Mutumin da ya taɓa ganin an shanya magidanci a rana gaban 'ya'yansa saboda kuɗin haraji ba zai ce Rimi ya yi kuskure ba, ni ma ban ce ba. Sai dai wani abu ya tafi tare da harajin wanda ba mu lura ba a lokacin. Shugaban ƙaramar hukuma ya daina duban talaka don samun abin gudanarwa, ya koma duban sama, ƙarshen wata ya yi a turo. Talaka shi ma ya daina tambaya, tunda a ganinsa ba kuɗinsa ba ne. Aka wayi gari ana cewa "kayan gwamnati", kamar gwamnati wata baƙuwa ce da ta sauka a gidan hakimi.

Igiyar da ta rage tsakanin aljihun mutumin gari da aikin gari ita ce kasuwa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da kwashe shara, ya kuma sa ta cikin hidimar makarantun firamare da kiwon lafiya. Doka ta 21 ta 1998 kuwa ta lissafa abin da aka yarda ta karɓa, a ciki akwai kuɗin rumfa da shago, da kuɗin kasuwa, da kuɗin tasha, da kuɗin yanka a mahauta. Ka ga ke nan duk ragon da aka shigar kara a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, duk motar da ta yi lodi a tashar Birnin Kudu ko Babaldu, duk san da aka kayar a mahauta ranar jajibere, akwai ɗan abin da doka ta ce na gari ne. Kuma babu lokacin da wannan ke taruwa kamar goman ƙarshe na azumi da goman farko na watan layya. Wanda ya sayo ragonsa a birni ya ɗoro shi a bayan mota, ya biya wa wata hukuma tikitinta.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na faɗa: kuɗin tikitin yana isa inda aka nufa? Ba kullum ba. Na taɓa sayen tunkiya a wata kasuwa, yaron da ke bakin kara ya karɓi kuɗi ya sa aljihu, da na nemi rasit ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Na tsaya sai da ya yago mini. Kuma ko da duk ya isa, kuɗin kasuwa ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da abin da ke zuwa daga Abuja, wanda rigima a kansa ta kai har Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amma kaɗan ɗin nan shi ne wanda kake da bakin magana a kansa. Mai rasit a hannu yana iya tsayawa gaban kansila ya ce ga abin da na biya, me ya sa kwatar kasuwa ta toshe?

Babban kason ma ba ta ofis yake bi ba, ta hannun mutane yake bi, kuma shi ne darasin Baffa. Dubu ɗayar da ka ba tela ba ta kwana a aljihunsa. Ya ba yaran shagonsa, ya sayi gero wurin ma'auni don zakkar fidda kai, ya biya mahauci, ya kai kuɗin Laraba makarantar allo. Mahaucin ya biya Bafillacen da ya ba shi sa bashi, matar Bafillacen ta sayi atamfa da sabulu kafin ta koma ruga. Mai lalle, mai kitso, mai wankin hula, mai dakan taushi, mai tuyar ƙuli, ɗan acaɓa, duk shekararsu a makon nan take. Su ne kuma idan an ce katangar maƙabarta ta faɗi, ko injin rijiyar burtsatse ya ƙone, ko za a biya 'yan sintiri, ko mai naƙuda tana bukatar mota zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu da tsakar dare, ake buga wa ƙofa. Ba a buga wa ɗan kasuwar Kwari, don bai san sunan unguwarmu ba, kuma yana da tasa unguwar da ke jiransa. Wanda ya ga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace, ya ga yadda abin yake idan kasuwar ƙauye ta tsaya: mai akuya ya kai ta ya dawo da ita, karo-karo ya gagara, adashi ya watse.

Ba na musun cewa kaya sun fi sauƙi a Kwari, nan ne uwar kasuwar tufafi, masu shagunan Birnin Kudu da Gwaram ma can suke sarowa. Talaka mai 'ya'ya takwas da ya samu rangwame a can, ban ga laifinsa ba. Maganata da irina ce, ma'aikata da 'yan kasuwar da ke Kano da Dutse da Abuja, waɗanda bambancin farashin ba zai hana su barci ba, amma su cika but ɗin mota tun daga birni, su zo su yi kwana uku, su yi ta kushe garin da cewa ba ya ci gaba, su koma.

Baffa ya rasu da daɗewa. Kekensa yana hannun jikansa, a rumfar nan dai ta bakin kasuwa, sai dai yanzu an sa masa mota ta lantarki. Ni nakan aika masa da yadi tun azumi yana da kwana biyar, don idan ya wuce goma ba ya karɓar ɗinkin kowa, ko da na ɗan'uwa ne.