Daga Gidan Yari zuwa Gidan Gyaran Hali: Ina Na Yaran Borno?

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gidajen gyaran hali a 2019, ake ta sauya allunan ƙofar kurkuku a Najeriya. Wasu ma na ganin ya kamata a riƙa raɗa wa gidajen horon matasa sunayen tsofaffin gandirobobin da suka ƙare ƙuruciyarsu a bakin aiki. To, wane gida za a raɗa wa suna a Borno?

Laƙaba wa kurkuku sunan mai tsaronsa daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Yari sarauta ce a fada, shi ke tsare wanda sarki ko alƙali ya ɗaure, shi ya sa har gobe ake cewa gidan Yari. Da Turawa suka zo, suka bar gidajen a hannun En'e, har da ta Shehun Borno.

Ware matasa daga manyan fursunoni kuwa daga Ingila ya taso. A 1902 Sir Evelyn Ruggles-Brise, shugaban hukumar kurkukun ƙasar, ya gwada tsarin a ƙauyen Borstal kusa da Rochester, doka ta tabbatar da shi a 1908. Jihar Arewa ta samu dokar yara da matasa a 1958, sannan aka yi dokar Borstal ta tarayya, aka buɗe ta Kaduna a 1962 don 'yan shekara 16 zuwa 21 su koyi karatu da sana'a irin su kafinta da ɗinki. Ingila ta soke tsarin a 1982, mu muna nan riƙe da sunan. Bayan Kaduna, an samu a Abeokuta da Ilorin; Arewa maso Gabas kaf ba ta samu ko ɗaya ba.

Me ya jawo haka? Wasu na ɗora wa Boko Haram. Amma rikicin ya ɓarke ne a 2009, shekara 47 bayan buɗe ta Kaduna. Wasu su ce rashin kuɗi, alhali Maiduguri na da kurkuku mai tsananin tsaro a hanyar Baga. A ganina tushen matsalar shi ne 1 ga Afrilun 1968, ranar da aka karɓe gidajen yarin En'e aka damƙa wa tarayya bisa rahoton kwamitin Gobir. Daga ranar, kotun jiha ke yanke wa yaro hukunci, amma wurin tsare shi na hannun Legas, daga baya Abuja. Jiha ta ce ba huruminta ba ne, tarayya ta ce tana da na Kaduna.

Borno ta ɗanɗana kuɗarta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin Janairun 2013 da Maris ɗin 2019 sojoji sun tsare yara sama da 3,600, kuma rahoton Human Rights Watch na 2019 ya nuna da yawa daga cikinsu a barikin Giwa suka zauna. Waɗanda aka sako, cibiyar Bulumkutu ta karɓe su, ita kuwa masauki ce ta wucin gadi. Matashin Zabarmari da aka ɗaure kan satar buhun shinkafa fa? In ba a kai shi Kaduna ba, inda mahaifiyarsa ba ta da kuɗin motar kai masa ziyara, sai ya kwana ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi.

Yanzu uzuri ya ƙare. Dokar 2019 ta umarci a gina gidajen horon matasa, na maza daban na mata daban, a kowace jiha, kuma gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Gandiroban da ya yi shekara 35 yana aiki ya cancanci karramawa. Gwamnatin Borno ta fara aza tubali tukuna, raɗin suna ya biyo baya.